Darasi: Yadda Ake Binciken Masu Ba Da Ƙaramin Jari

Darasinmu na wannan fitowa a kan hukumomin nan ne da ke ranta wa talakawa ƙaramin jari, da yadda za ki bincike su, ko ƙungiya ce ta tura ki wata ƙasa ki gano yadda suke aiki, ko kuwa su ne suka shigo unguwarku da fom a hannu.

Yawancin masu irin wannan bincike da Bangaladash suke farawa. A can ne a shekarar 1976 Farfesa Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra kuɗin da duka-duka dala 27 ne. Abin ya bunƙasa ya zama Bankin Grameen a 1983, har aka ba shi da bankin kyautar Nobel a 2006. Tsarin ya yi kama da adashinmu: mata biyar-biyar, babu jingina, ana zubi duk mako.

To in kin isa ofis, abin da za a fara gaya miki shi ne sama da kashi 90 cikin ɗari na masu bashi suna biya. Ki rubuta, amma kada ki tsaya nan. Mace tana iya biya don ta ci riba, tana kuma iya biya don tsoron kunya a gaban maƙwabta. Saboda haka ki bar ofis ki shiga gidaje, kuma kada ma'aikacin hukumar ya zama tafintanki, don ba wadda za ta kushe mai ba ta bashi yana zaune. Ki tambaye ta: "Baiwar Allah, zubin makon jiya a ina kika samo shi?" In ta ce daga cinikin shinkafa ne, madalla. In kuwa akuya ta sayar, ko ta ranto daga wata hukumar don ta toshe wannan, kin ga bashi ya fara cin ta. Haka ta faru a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, inda mata suka tara bashi kashi-kashi, aka yi ta samun rahoton masu kashe kansu, sai da gwamnatin jihar ta kafa doka ta taka wa hukumomin birki. Ki kuma tambayi wa ke juya kuɗin, don sau da yawa sunan matar ne a takarda, jarin yana aljihun maigida. Sannan ki nemi waɗanda suka fita daga tsarin. Su ba a kai baƙo wurinsu.

Sai batun ruwa. In an ce kashi 20 a shekara, ki tambaya a kan me ake lissafa shi. Misali kin karɓi Naira 50,000 za ki mayar da 60,000 mako-mako. Kafin rabin shekara kin mayar da rabin uwar kuɗin, amma ana cajin ki kamar duk suna hannunki, don haka ainihin ruwan ya kusa kashi 40. Mu dai a wurinmu ƙaramin ruwa da babba duk riba ce, hukuncinta na nan a ƙarshen Suratul Baƙara, inda kuma aka umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Ba wai babu wata hanya ba ne. A 1995 Islami Bank na Bangaladash ya buɗe shirin karkara inda yake saya wa mutum kayan sana'a ya sayar masa a kan farashin da aka yanke, ya biya a hankali. A Lahore ta Pakistan kuma Dakta Amjad Saƙib ya kafa Akhuwat a 2001, suna ba da rance babu ruwa, galibi a masallaci ake miƙa shi. Su ma dai ki bincike su, don suna kaɗai ba ya halatta ciniki. Ki tambaya: kayan sun shiga mallakar hukumar kafin ta sayar, ko kuɗi kawai aka miƙa aka sa masa sunan ciniki? In an makara da zubi, ana ƙara farashi? In mai bashi ta rasu, yafewa ake yi ko magada ake bi?