Dubu Biyar da Arba'in

Lambar nan 5040 cika ce, ba mara ba, amma abin mamakinta ya wuce nan. In mutum biyu suka raba ta, ba saura. Haka in su uku ne, ko huɗu, har zuwa goma. Ko bakwai, mai wuyar sha'ani, tana shiga cikinta sau 720 daidai. Sha ɗaya ce ta ƙi, sai biyu sun yi saura. Lambobin da ke raba ta duka 60 ne.

Don haka Aflatun, masanin nan na ƙasar Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya ce kyawun gari a ce gidajensa 5040 ne, don rabon aiki da haraji ya zo da sauƙi.