Kalmar "Ƙarfi" da Fuskokinta Huɗu: Daga Bakin Rijiya Zuwa Maƙwallato

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Ko ba daɗe ko ba jima za a nemi masana harshe su samar da littattafan kimiyya da Hausa, kuma duk wanda ya zauna fassara darasin farko na fizik zai yi tuntuɓe da kalma guda, wato ƙarfi. Bahaushe kan ce sa yana da ƙarfi, wane ya ci tuwo ya sami ƙarfi, wannan inji ya fi wancan ƙarfi, an yi magana da ƙarfi. A wurin masanin fizik kuwa, abubuwa huɗu ne aka ambata, kowanne da ma'auninsa.

Ana iya rarrabe ukun farko a bakin rijiya, irin waɗanda ake shayar da dabbobi a ƙauyukan Adar, kamar na karkarar Bambeye da ke kudu maso yammacin birnin Tawa. A ɗauka zurfin rijiyar mita 30 ne, gugan kuma yana cin lita 20, wato kilo 20 na ruwa.

Ma'ana ta farko ita ce ja ko turi. Ƙasa tana jan kowane kilo ɗaya da niyuton 9.8, don haka cikakken gugan nan ana jan sa ƙasa da niyuton 196. An sa wa ma'aunin sunan Isaac Newton, Baturen Ingila wanda ya bayyana dokokin motsi uku a shekarar 1687. Dokarsa ta farko takan ba ɗalibai mamaki: abu ba ya buƙatar a ci gaba da tura shi kafin ya ci gaba da tafiya. Amalanken da aka saki yana tsayawa ne saboda yashi da gugar ƙafafu suna riƙe shi. Aikin ja ko turi shi ne sauya motsi, ko ya tayar, ko ya tsayar, ko ya karkatar. Shi ya sa fizgar farko ta fi ɗan wuya. Da zarar gugan ya kama hanya da gudu iri ɗaya, niyuton 196 ya wadatar.

Ma'ana ta biyu ita ce abin da aka kashe wajen aikin. Ana samun sa ta hanyar ninka ja da nisa: 196 sau 30 ya ba da jul 5,880. Wannan adadi bai ɓace ba, yana ajiye a cikin ruwan da ya hau sama, kuma in igiya ta tsinke zai koma gudu, daga nan ya zama ƙara da ɗan zafi a ƙasan rijiya. Asalinsa kuwa geron da mai jan ya ci ne, geron kuma daga hasken rana ya samo shi. Jul 5,880 bai kai abin da ke cikin giram ɗaya na gero ba. Abin da ke gajiyar da mai ja shi ne yawan maimaitawa, da kuma kasancewar mafi yawan abin da jiki ya ƙona zafi yake zama. Kafofin yaɗa labarai sun saba kiran wannan makamashi. Kalmar ta dace da itace da fetur, amma da wuya kunnen Bahaushe ya karɓi cewa akwai makamashi a cikin gugan da ke rataye. Duk da haka ita ce ta fi yaɗuwa, kuma faɗaɗa ma'anarta ya fi ƙirƙiro baƙuwa sauƙi.

Ta uku saurin aiki ce. Mutumin da ya fito da gugan cikin daƙiƙa 60 ya yi aiki da wat 98, san da ya fito da shi cikin daƙiƙa 30 ya yi da wat 196. Ruwan ɗaya ne, makamashin ɗaya, lokaci ne ya bambanta.

Ma'ana ta huɗu ita ce ta fi shafar ɗalibin ilimin furuci, kuma ita ma a jikin igiyar guga take farawa. Idan aka shimfiɗa igiya aka kaɗa bakinta, wani tudu zai bi ta har ƙarshe, alhali igiyar tana inda take. Motsi ne ya yi tafiya, ɗauke da makamashi. Hausa ta riga ta kama wannan kamanci tun da ta ce igiyar ruwa. Sauti ma haka yake, sai dai a maimakon tudu da kwari, matsewa da sakewar iska ne ke bin juna, da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa idan ma'aunin zafi yana kan 20. A zafin bazarar Adar gudun yakan ɗan ƙaru.

Wajen magana, huhu ne ke turo iska. Iskar ta taru a ƙarƙashin tantanin maƙwallato har ta buɗe shi, ya sake rufewa, ta sake buɗewa. Wannan karkarwa ita ce ziza. Yawan karkarwar a daƙiƙa ɗaya ana auna shi da haz. Muryar namiji baligi takan zagaya wajen haz 120, ta mace kuma wajen 200 ko fiye. Abin da ake kira karin sama da karin ƙasa ba wani abu ba ne illa ƙaruwa da raguwar wannan adadi. Kuka na hawaye yana da karin sama a gaɓoɓinsa biyu, kuka ta miya kuwa sama ce sannan ƙasa, domin a gaɓa ta biyu tantanin yana sassautawa, karkarwarsa ta ragu. Makaɗin kalangu yana aiki da wannan doka duk lokacin da ya matse tsirkiya a hammata: fata ta ɗame, karkarwa ta ƙaru, sauti ya hau. Ta haka kalangu ke kwaikwayon magana.

Magana da ƙarfi kuwa wani al'amari ne dabam. Girman matsewar iskar ne ya ƙaru, ba yawanta a daƙiƙa ba. A nan ne sabon ɗalibi ya fi yin kuskure, sai ya ji gaɓa ta fito da amo ya sa mata alamar karin sama. Kalmar "ɗaga murya" ma tana ƙara rikita shi, tun da tana ɗaukar ma'anonin biyu. Akwai kuma ma'auni na uku, wato lokaci, wanda shi ya raba gari na mazauna da gari na tuwo: karinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya bambanta.

Ana iya ganin waɗannan duka da ido ta manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka samar, kuma kyauta ake saukar da ita. Ɗalibi ya naɗi muryar mutum guda yana faɗin kuka ta miya sau biyu, a hankali sannan da ƙarfi. Zanen sautin zai kumbura a karo na biyu, layin kari ma yana iya ɗagawa gaba ɗayansa, amma gangarowarsa daga gaɓar farko zuwa ta biyu tana nan. Mai nazarin Adaranci yana da littafin Bernard Caron na 1991, Le haoussa de l'Ader, inda aka sa wa kalmomi alamun kari, kuma zai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya da muryoyin mutanen Bambeye na yau.