Me Ya Sa Haramta Giya Ya Ƙarfafa 'Yan Daba A Amurka?

Mai sauraronmu daga Furfuri, ga amsarka. A 1920 Amurka ta haramta sayar da giya, amma mashaya ba su daina nema ba. Sai 'yan daba suka mamaye kasuwar, suna fasa-ƙwaurinta daga Kanada, suna toshe bakin 'yan sanda da cin hanci. Ta nan Al Capone na Chicago ya kuɗance, kafin a janye dokar a 1933. Zamfara kuwa, da ta haramta giya a 2000, lamarinta ya bambanta, domin addini ya riga ya hana yawancin jama'arta shan giya. A Najeriya, makamancin abin da ya faru a Amurka shi ne maganin tari mai kodin, wanda aka hana a 2018 amma ake sayarwa a ɓoye. Doka sai da tarbiyya.