Taswirar Malamai: Yadda Lissafi Ke Nuna Dangantakar Masu Bincike

Masu binciken ilimi sun yawaita a duniya, rubuce-rubucensu kuwa sun fi ƙarfin karatun mutum guda. To, ta ƙaƙa hukuma ko jami'a za ta gane waɗanda ke aiki a kan matsala ɗaya, da waɗanda ke yi musu jagora? Masana lissafi suna da dabarar yin haka.

Akan ɗauki kowane malami, ko kowace maƙala, a matsayin ɗigo. Idan wani ya ambaci aikin wani, ko kuwa sun yi rubutu tare, sai a ja layi tsakaninsu. Asalin dabarar tsoho ne. A shekarar 1736 Leonhard Euler ya ɗauki sassan birnin Königsberg tamkar ɗigogi, gadojinsa bakwai tamkar layuka, ya tabbatar da cewa ba a iya haye kowace gada sau ɗaya tak a tafiya guda. Wanda ya san silsilar malamai, inda ake jera wane ya karɓa daga wane, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A 1964 Eugene Garfield na Amurka ya fitar da kundin Science Citation Index, mai nuna wa ya ambaci wa. A 1973 Henry Small ya nuna cewa maƙaloli biyu da ake yawan ambatonsu tare, galibi fanninsu ɗaya ne. Amma layuka dubbai sukan cakuɗe kamar zaren da ya kwance, don haka dole a sauƙaƙa. Sai a share layukan da ba su da ƙarfi, a dunƙule ɗigogin da suka cunkushe wuri guda su zama ɗigo ɗaya. Daga nan fannoni sukan fito fili kamar unguwanni, a kuma ga mutanen da suka haɗa wannan unguwa da waccan.

Sai dai akwai abin lura. Lissafin ba ya ganin kowa sai wanda ke cikin kundi, mafi yawan mujallun da ke ciki kuwa na Turanci ne. Malamin da ya yi rubutu da Hausa ko Larabci, ko ya shekara arba'in yana karantarwa a zaure, da wuya ya sami ko ɗigo ɗaya. Saboda haka jami'in da aka miƙa wa irin wannan taswira domin rabon kuɗin bincike, wajibi ne ya fara tambayar kundin da aka zana ta daga cikinsa.