Ciwon Afendis: Aikin Yanka Da Aikin Huji

Afendis wani ɗan reshe ne a jikin babban hanji, tsawonsa kamar yatsa. Yana ƙasan ciki ta hannun dama. Idan ya toshe sai ya kumbura ya tara mugunya. Ciwon yakan fara daga cibiya, bayan wasu sa'o'i ya gangara dama, ga tashin zuciya, ga zazzaɓi. Galibi maganinsa a cire shi, kuma hanyar cirewa iri biyu ce.

Ta farko ita ce aikin yanka. Likita zai tsaga ciki ta dama, tsawon santimita 5 zuwa 10, ya ɗaure afendis ɗin ya yanke, sannan ya ɗinke. Wani likitan Amurka, Charles McBurney, shi ya bayyana irin wannan tsaga a 1894.

Ta biyu aikin huji ce. Kurt Semm, likitan mata a garin Kiel na Jamus, ya fara yin ta a 1980. Akan huda ciki wuri uku, kowane huji kamar santimita 1. Sai a hura iska cikin ya taso, a zura ƙaramar kyamara da dogayen kayan aiki. Likita yana aiki yana kallon hanji a talabijin.

Wanda aka yi wa huji bai cika shan zafi ba, mikinsa bai cika ruɓewa ba, kuma ya fi saurin miƙewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga manomi a tsakiyar damina. Ga mata kuwa akwai ƙarin amfani, domin ciwon mara yakan yi kama da afendis, kyamara kuma za ta nuna wa likita ƙwan mace da mahaifa.

Amma fa aikin huji ya fi tsada. Yana son tsayayyar wutar lantarki da likitan da ya koye shi musamman, ba kowane asibiti ke da su ba. Wani lokaci ma akan fara da huji, a tarar ciki ya ɓaci, dole a koma yanka.

Saboda haka kuskure ne a tsallake asibitin kusa mai likitan fiɗa don neman na kyamara. Afendis yana iya fashewa cikin kwana biyu ko uku, mugunya ta watsu a ciki, har ta kai ga rasa rai. Kafin a isa asibiti kada a ba majinyaci abinci, ko jiƙo, ko maganin wankin ciki, kada kuma a gasa masa cikin.