Neman Muryoyin 'Yan Gwagwarmaya a Taskokin Intanet: Darasi Daga Tudun Wadan Kaduna

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da aka ba aikin nazarin waƙoƙin siyasa ko jawaban 'yan ƙwadago, abu na farko da yakan yi a yau shi ne ya buɗe intanet ya rubuta suna a akwatin bincike. Idan ya sami wani abu sai ya ɗauka ya gama, idan kuwa bai samu ba sai ya yanke hukuncin cewa babu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa hukuncin nan biyu duk kuskure ne. Za a duba wanda ke riƙe da na'urar ɗaukar murya a kowane zamani, da dabarun bincike, da yadda ake auna abin da aka samu, sa'an nan a nuna aikin da ya rage a kanmu. An zaɓi Tudun Wadan Kaduna ta zama wurin misali domin unguwa ce da ta tashi a zamanin Turawa, ta tara ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a daga garuruwan Arewa, watau irin mutanen da jam'iyyun talakawa da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi magana da yawunsu.

2.0 Ma'anar Taskar Muryoyi

Taskar muryoyi wuri ne da ake tara fayafayai da kaset-kaset, a ba kowanne lamba, a rubuta masa bayani a fihirisa. A Amurka akwai wadda ake kira Freedom Archives a jihar Kalifoniya, tana ɗauke da sa'o'i dubbai na jawabai da hirarrakin masu fafutukar neman 'yanci tun daga ƙarshen shekarun 1960, kuma ana iya binciken fihirisarta ta intanet. Abin lura shi ne, a mafi yawan irin waɗannan taskoki akwatin bincike ba ya sauraron kaset, abin da mai fihirisa ya rubuta kawai yake dubawa. Idan mai fihirisa bai ji Hausa ba, ya rubuta da Turanci cewa wannan kiɗan gargajiya ne daga Arewacin Nijeriya, to, ko da waƙar zambon wani hakimi ce a ciki, mai neman waƙar siyasa zai wuce ta bai sani ba.

3.0 Wa Ke Riƙe da Rikoda?

Tarihin gwagwarmayar talakawa a Arewa yana da zango biyu waɗanda rabonsu na na'ura ya sha bamban. Zango na farko shi ne na jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta rayu har sojoji suka karɓi mulki a 1966. A wannan lokaci na'urar ɗaukar murya mai manyan fayafayai tana da tsada, mafi yawanta a hannun gidajen rediyo da masu bincike na waje take. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 mallakar gwamnatin Jihar Arewa ne, gwamnatin kuwa ta NPC ce, abokiyar hamayyar NEPU. Saboda haka waƙoƙin su Gambo Hawaja da Abba Maiƙwaru sun fi yaɗuwa ta baki a dandalin lacca, da kuma takardun boko da ajami da ake miƙawa hannu da hannu.

Zango na biyu shi ne na PRP, daga 1978 zuwa 1983. Kamfanin Philips ya fitar da ƙaramin kaset a 1963, kafin jamhuriya ta biyu kuwa rikoda ta shiga shaguna da gidajen talakawa. Wannan ne zamanin da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya zama gwamnan Jihar Kaduna a 1979, majalisa ta tsige shi a watan Yuni, 1981. A 1978 ne kuma aka kafa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, inda masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki tun 1957. Muryoyin wannan zango talakawa ne suka ɗauka da kansu, sai dai babu mai ba su lamba, balle ya rubuta musu fihirisa.

Ana iya kwatanta wannan da Afirka ta Kudu. Jawabin da Nelson Mandela ya yi a gaban kotu ranar 20 ga Afrilu, 1964, kotun da ke shari'arsa ce ta ɗauke shi, kuma sai bayan shekaru masu yawa aka mayar da fayafayan shari'ar zuwa na kwamfuta da taimakon wata cibiya ta Faransa. Ke nan sau da yawa hukuma ce ke zaɓar muryar ɗan adawa da za ta wanzu, da kuma wurin da za a ji ta.

4.0 Dabarun Bincike

Dabara ta farko ita ce juya rubutun suna. Fihirisoshi da yawa ba su da haruffa masu ƙugiya, don haka wanda ya nemi "waƙa" ya sake neman "waka" da "wak'a", wanda ya nemi Aƙilu Aliyu ya sake neman Akilu. Haka sunan Sa'adu Zungur yakan zo babu alhamza, kuma Turawa sukan fara da suna na ƙarshe.

Ta biyu ita ce tantance wuri. Akwai Tudun Wada a Kaduna, akwai ta a Zariya inda kamfanin Gaskiya yake, akwai ta a Kano da Jos da Gusau. Wanda ya rubuta sunan unguwar shi kaɗai zai haɗa tarihin garuruwa biyar a tukunya ɗaya.

Ta uku ita ce amfani da kalmomin da ƙungiyoyin suka san kansu da su. Taken NEPU "sawaba" ne, alamarta tauraro; na NPC "salama" da fartanya; na PRP "nasara" da mabuɗi; na NPN "aminci" da gida da masara. Masu ɗora tsofaffin kaset a YouTube da Facebook suna iya sa irin waɗannan kalmomi.

Ta huɗu ita ce rubuta lambar abin da aka samu da ranar da aka gan shi. A watan Oktoba, 2023, masu kutse sun kai hari kan Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, taskarsa ta sauti ta daɗe a rufe. Abin da ke intanet yau ba lalle ne a same shi gobe ba.

5.0 Auna Abin da Aka Samu

Tambaya ta farko ga kowace murya ita ce: yaushe aka tsara ta, yaushe kuma aka ɗauke ta? Waƙar NEPU da wani dattijo ya rera a kaset a zamanin PRP shaida ce ta zamani biyu, domin mai rerawa yana iya sauya sunan abokin hamayya ya dace da na lokacinsa. Ana gane zamani daga cikin matani. Waƙar da ke murnar soke haraji da jangali a Kaduna da Kano ba za ta riga 1979 ba. Wadda ta ambaci Santsi da Taɓo ba za ta riga rabuwar PRP a 1980 ba. Wadda ke ta'aziyyar Malam Aminu Kano kuwa bayan 17 ga Afrilu, 1983 take. Bayan haka sai a gwada abin da aka ji da takardu: na Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da na Arewa House wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da na Gidan Mambayya a Kano.

6.0 Aikin da Ya Rage

A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin kunna kaset da kayan gyaransu na gab da ƙarewa. Zaren kaset kansa zafi da damshi suna cin sa, shekarun waɗanda suka halarci laccocin kuma sun ja. Hajiya Gambo Sawaba ta rasu a 2001, Balarabe Musa ya rasu a 2020, masaƙar farko ta Kakuri ta tsaya tun 2002, ma'aikatanta suka watse.

Ɗalibin da ke zaune a Tudun Wada yana da abin da mai bincike daga waje ba shi da shi: yana jin harshen, ya san ladabin shiga zaure, kuma zai iya tambayar tsofaffin masu sayar da kaset da tsofaffin 'yan jam'iyya abin da ke ajiye a akwatunansu. Idan ya samu, ya nemi izinin mai shi ko magadansa, ya kwafa ya mayar da na asali. Sa'an nan ya rubuta mai magana, da wuri, da shekara, da wanda ya ɗauka, da taƙaitaccen jigo, da Hausa da Turanci, kowane suna da ƙugiya da kuma babu ƙugiya. Ya ajiye kwafi a Sashe, wani kwafin a wata taska dabam.

7.0 Kammalawa

An ga cewa akwatin bincike yana mayar wa mutum abin da wani ya riga ya rubuta ne, kuma wanda ya riƙe rikoda da alƙalamin fihirisa shi ya zaɓi abin da za a samu. Don haka shirun da ɗalibi ya tarar a intanet alama ce ta aikin da ba a yi ba tukuna. Shawarar wannan maƙala ga Sashe ita ce a karɓi kwafar kaset guda tare da cikakken fihirisarsa a matsayin wani ɓangare na kundin kammala digiri, ga duk ɗalibin da ya zaɓi waƙar siyasa ko adabin ƙwadago. Allah Ya sa mu dace.