Kafin Ki Sayi Man Fuska Mai Tsada

Sunan likita a jikin kwalba yana jan ido. Dakta Howard Murad, likitan fata ne a Amurka, ya kafa kamfanin Murad a 1989, kuma kayansa suna da kyau. Amma 'yar'uwa, ba sunan ne zai yi miki aiki ba, abin da aka zuba a ciki ne. Juya kwalbar ki karanta ƙananan rubutun da ke baya.

Idan ƙuraje ne suka dame ki, nemi mai salisilik asid, yana buɗe ƙofofin fata da maiƙo ya toshe. Baƙin tabon da ƙurji ke bari kuwa, shi ne babbar damuwar masu fata irin tamu. Azelayik asid da niyasinamaid da bitamin C suna dusashe shi, amma sai da haƙuri, wata biyu zuwa uku. In ba kya shafa man kariyar rana mai SPF 30 kowace safiya, rana za ta sake baƙanta wurin, kuɗinki ya tafi a banza.

Retinol na gyara tamoji. Ki fara da ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake, da daddare, sau biyu a mako. Mai juna biyu ta guje shi.

Don Allah ki gwada kowane sabon mai a bayan kunne kwana biyu tukuna. Wanda ya yi alkawarin haske cikin sati ɗaya, ko babu lambar NAFDAC a jikinsa, ajiye shi. Irinsu sukan ɓoye sitiroid, mai sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana.